Buga Takarda Da Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata Yaro Ya Iya Kafin A Kama Masa Shago

Mutanenmu na Arewa da ke neman abinci a Kurmi, tun daga Agege da Idi Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, suna da wata al'ada mai kyau wadda suka daɗe a kanta. In Allah ya buɗa wa mutum, sai ya aika da kuɗi gida a sa ɗansa ko ƙanensa koyon sana'a. A da akan kai yaro wurin tela ko direba ko makaniki. Yanzu kuwa da yawa sukan ce a kai shi ya koyi kwamfuta, in ya gama a saya masa inji da na'urar buga takarda, a kama masa shago.

Niyyar dai babu laifi, amma akwai inda gizo ke saƙa. Sau da yawa yaro yakan yi wata uku yana zuwa wurin koyo, a ba shi satifiket mai ƙyalli, alhali kuwa abin da ya iya bai wuce ya danna haruffa su fito a fuskar inji ba. Wannan kuwa yau kowa yana yinsa da wayarsa ta hannu, ba mai biyan kuɗi mai kauri dominsa. In an buɗe wa irin wannan yaro shago sai ya zauna yana ƙirga masu wucewa, kafin shekara ta zagayo kuɗin haya da na man janareta sun cinye jarin. Mai aikowa kuwa yana can Kurmi, cikin ruwa da rana, yana tsammani ya kafa wa gida abin dogaro.

Garin da ba a rabo da takarda

Bari mu ɗauki Minna misali, musamman unguwar Ƙetaren Gwari, wadda duk direban da ke bin hanyar ya san ta saboda garejin makanikanta. Minna garin Gwarawa ne wanda jirgin ƙasa ya raya, domin a nan ne layin dogo da ya taso daga Ikko ya haɗu da wanda ya taso daga Baro ya nufi Kano tun zamanin Turawa. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi, aka yanko Jihar Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma, Minna ta zama hedkwata. Daga nan ma'aikatun gwamnati suka taru. Cikin 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda ke da mazauni a Bosso da Gidan Kwano. Cikin 1999 aka kafa hukumar jarrabawa ta NECO, aka sa hedkwatarta a Minna. Ga kuma Kwalejin Ilmi ta jiha a cikin gari, ga babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Bida, ga jami'ar jiha a Lapai.

Gari irin wannan ba ya rabo da takarda. Ɗalibi yana da kundin bincike na kammala karatu, ɗan kwangila yana da takardar neman aiki, makarantar kuɗi tana da sakamakon jarrabawa, ƙungiya tana da tsarin mulki da rasit, mai aurar da 'ya yana da katin gayyata. Saboda haka shagunan buga takardu sun yi yawa, daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Chanchaga. Aiki akwai shi, sai dai babban aikin yana tafiya ne wurin 'yan kaɗan da suka ƙware, sauran kuma su yi ta kokawa a kan hoton takarda na 'yan canji.

Mutumin Ƙetaren Gwari ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A gareji akwai yaron da iyakarsa miƙo sifana da wanke ƙarfe da fetur, akwai kuma wanda zai sauke inji ya warware shi ya mayar, mota ta tashi. Dukansu in an tambaye su za su ce makanikai ne, amma mai mota ya san wanda zai ba makullinsa. Haka abin yake a sana'ar buga takarda.

Daga keken rubutu zuwa kwamfuta

Dattawa cikin masu karatu za su tuna da akawu mai tafireta a bakin kotu ko gidan waya, da takardar kabon a tsakanin fallaye, da injin gurza takardu wanda ake juyawa da hannu. Kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da nasa keken rubutu cikin 1874. A zamanin nan ƙwarewa ita ce sauri da rashin kuskure, domin in an yi kuskure babba sai a sake shafi tun daga farko. Shi ya sa jarrabawar Pitman da ta RSA suke auna kalma nawa mutum zai buga a minti ɗaya.

Cikin 1964 kamfanin IBM ya fito da tafireta mai ajiye abin da aka buga a kan faifai, ta yadda za a gyara kuskure ba tare da an sake duka ba. Sa'an nan ƙananan kwamfutoci suka zo da manhajojin rubutu: WordStar a ƙarshen shekarun 1970, sai WordPerfect, sai Microsoft Word wadda ta fito cikin 1983, kuma ita ce ta mamaye ofisoshinmu har yau. Abin lura shi ne, waɗanda suka ƙera manhajojin nan sun yi su ne domin inji ya ɗauke wa mutum aikin maimaici. Amma mutanenmu da yawa har yanzu suna riƙe da kwamfuta kamar tafireta mai fitila. In suna son kan magana ya zo tsakiya sai su yi ta danna maɓallin tazara. In suna son sabon shafi sai su yi ta saukowa layi-layi har su kai. Ranar da mai takarda ya ce a ƙara jimla ɗaya a shafi na 3, sai kome ya goce har shafi na 80.

Salo shi ne tushe

Abu na farko da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne amfani da salo. Salo suna ne da ake ba wani tsari na rubutu: irin harafi, da girmansa, da kaurinsa, da tazarar da ke sama da ƙasansa. Maimakon mutum ya bi kan kowane babi yana ƙara masa girma da hannu, sai ya gaya wa injin cewa wannan layi kan babi ne, wancan ƙaramin kai ne, wannan kuwa gundarin rubutu ne. In malamin da ke duba kundin ɗalibi ya ce a rage girman kawunan babi duka, gwani zai gyara salon sau ɗaya, kawunan su sāke gaba ɗaya. Wanda bai iya ba kuwa zai bi shafi 100 ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya bai tsallake wani ba.

Daga salo ne sauran abubuwa ke fitowa. In an sa wa kawuna salonsu, injin da kansa zai tattaro su ya shirya shafin abubuwan da ke ciki, kowane babi da lambar shafinsa. In an yi ƙari ko ragi, sai a danna maɓallin F9 lambobin su daidaita. Haka ma jerin hotuna da na jadawali, da ƙarin bayani na ƙasan shafi, duk injin yana ba su lamba yana kuma gyara ta.

Akwai wata matsala da kowane mai shago kusa da makaranta ya sani. Kundin ɗalibi yakan fara da shafuffukan godiya da sadaukarwa masu lambar Rumawa, sa'an nan babi na ɗaya ya fara da lamba 1. Wanda bai iya ba yakan raba aikin fayil biyu ko uku, ko ya buga lambar dabam. Hanyar kuwa ita ce a raba takardar sashe-sashe a cikin fayil ɗaya, a cire igiyar da ta ɗaure ƙasan shafin sashe na biyu da na farko, sai kowane sashe ya ɗauki irin lambarsa. Da wannan dabara ce kuma ake kwantar da shafi ɗaya a tsakiyar littafi domin faffaɗan jadawali ya samu wuri.

A nan ya kamata a ambaci girman takarda. Wadda muke saye a kasuwa ita ce A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Injuna da yawa kuwa sukan zo a saite kan takardar Amurka, wadda ta fi tamu faɗi, ta kuma fi ta gajarta. Wanda bai duba wannan ba tun farko zai ga abin da ya fito a takarda ya saɓa da abin da ya gani a fuskar inji.

Zubi, da wasiƙa ɗaya mai suna ɗari huɗu

Abu na biyu shi ne zubi, kamar dai yadda mai bulo ke da abin zubinsa. Duk takardar da ake yawan nema, kamar yarjejeniyar haya, ko ta sayar da mota, ko rasit, ko kan wasiƙar ƙungiya, ana shirya ta sau ɗaya da kyau, a bar gurabun suna da kwanan wata da kuɗi, a ajiye ta a matsayin zubi. Duk lokacin da aka buɗe ta sabuwar takarda ce ke fitowa, uwar tana nan ba a taɓa ta ba. Wannan ya fi a ɗauko takardar wani a goge sunansa a sa na wani, domin ta haka ne sunan mai haya na bara yakan maƙale a sakin layi na ƙarshe, a je gaban alƙali ana jayayya.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne kawo kuɗi, shi ne haɗa wasiƙa da jerin sunaye, abin da masu sana'ar ke kira melmaj. A ce ƙungiyar mahauta ko ta makanikai tana da mutum 400, tana son kowa ya samu takardar gayyata da sunansa da lambarsa da bashin da ake binsa. In za a yi da hannu, ko da minti biyu-biyu ne, minti 800 ke nan, watau awa 13 da minti 20. Gwani kuwa zai jera sunayen cikin jadawali a Excel, kowane mutum da layinsa, kowane bayani da gurbinsa. Sa'an nan ya rubuta wasiƙa ɗaya tak, ya sa alama inda suna zai shiga da inda kuɗi zai shiga, ya ɗaura ta da jadawalin. Injin zai fitar da wasiƙa 400, kowacce da nata bayani. Har ana iya sa masa sharaɗi, a ce in mace ce ya rubuta Malama, in namiji ne ya rubuta Malam. Da wannan hanya ake buga satifiket, da ambulan, da katin shaida, da sakamakon jarrabawar makaranta guda. Kuma in shekara ta zagayo jadawalin yana nan, sai a ƙara sababbi a cire waɗanda suka tafi.

Amma fa akwai ramuka biyu da ya kamata yaro ya sani. Lambobin wayarmu da sifiri suke farawa, shi kuwa Excel yakan yar da sifirin farko in ba a gaya masa cewa gurbin na rubutu ne ba na lissafi ba. Na biyu, kwanan wata yakan juye ya bi tsarin Amurka, inda wata ke riga rana, sai taron ran 5 ga watan Yuni ya koma ran 6 ga watan Mayu. Saboda haka ba a sakin aiki ga injin bugawa sai an duba 'yan wasiƙun farko da na ƙarshe da ido.

Makuro: bara mai biyayya, amma a yi hattara

Abu na huɗu shi ne makuro. In akwai wani aiki mai matakai da yawa da ake maimaitawa kullum, alal misali share tazara mai ninki, da daidaita gefen shafi, da sa lambar shafi a duk takardar da ɗalibi ya kawo, ana iya cewa injin ya naɗi matakan sau ɗaya, kamar yadda ake naɗar murya a kaset. Daga nan sai a danna maɓalli ɗaya ya maimaita su. Wanda ya yi nisa yakan buɗe abin da aka naɗa ya gyara da hannu, domin tun daga Word 97 da harshen umarni mai suna VBA ake rubuta shi.

Sai dai ta wannan ƙofa ɓarayi ma ke shigowa. Cikin watan Maris na 1999 wata cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a duniya ta cikin takardar Word mai ɗauke da makuro, ta toshe hanyoyin wasiƙa na manyan kamfanoni. Cikin 2022 kamfanin Microsoft ya sa manhajojinsa su riƙa hana makuro tashi in fayil ɗin daga intanet ya fito. Shagon da kowa ke zuwa ya soka filashinsa ya fi kowa shiga hatsari. Dokar mai sauƙi ce: makuron da ba kai ka yi ba, ba ka kuma san wanda ya yi ba, kada ka ba shi izinin tashi.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Ga wani fanni da yaron Arewa zai fi kowa a cikinsa in ya kula. Rubutun Hausa yana da haruffa masu lanƙwasa, waɗanda aka tsayar da su tun shekarun 1930 a Zariya, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin Janairu 1939. Rashinsu yana ɓata magana. Wanda ya rubuta "Sarki yana fada" ya ce Sarki na zaune da fadawansa, wanda kuwa ya rubuta "Sarki yana faɗa" ya faɗi wani abu dabam. Haka baki da baƙi, haka kafa da ƙafa.

Da kwamfuta ta zo babu haruffan nan a cikinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka ƙera wa Hausa nata haruffan kwamfuta a shekarun 1990, marubuta suka samu sauƙi. Irin waɗannan haruffa na farko sai an sa su a kowane inji, in ba haka ba takarda ta buɗe da wasu alamomi dabam. Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A cikin Word, in ka buga 0253 ka danna Alt tare da X, sai ɓ ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ƙ ita ce 0199. Manyansu kuwa 0181, da 018A, da 0198. Alamar naira 20A6 ce. In lambar ta manne da wani harafi a bayanta injin yakan rikice, saboda haka a shafa lambar ita kaɗai kafin a danna. Mafi sauƙi shi ne a ware wa kowane harafi maɓallinsa sau ɗaya, ko a kunna allon haruffan Hausa da ke cikin Windows. Mai shagon da ya iya wannan, shi marubuta da malaman Islamiyya da masu wa'azi a rubuce za su riƙa nema.

Yadda za ka gwada yaronka

To, mai karatu, kai da kake Kurmi kana aikowa da kuɗi, ta yaya za ka san an koya wa yaronka abin kirki? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko ba ka iya kwamfuta ba, ka wakilta wani ɗan'uwa mai ilmin boko ya ba shi rubutu mai shafi 30 wanda ba a tsara ba. A ce ya fitar da shafin abubuwan da ke ciki ba tare da ya buga lamba ko ɗaya da hannu ba. A ce ya sa lambar Rumawa a shafuffukan farko. A ce ya sāke kamannin kawunan babi duka cikin minti ɗaya. Sa'an nan a ba shi sunaye 50 ya fitar da katin gayyata 50. Daga ƙarshe ya rubuta "ƙauye" da "ɗaki" da "ɓera" daidai, ya mai da aikin PDF domin kada ya goce a injin wani. Wanda ya haye wannan ya isa a kama masa shago. Wanda ya kāsa, gara a ƙara masa wata uku a hannun gwani da a zuba jari a rijiya.

Kafin ka biya kuɗin koyo, a tambayi mai koyarwa ko waɗannan abubuwa suna cikin darasinsa, a kuma duba ko kowane ɗalibi yana samun inji shi kaɗai, domin ba a koyon tuƙi daga kujerar baya. In ana son takardar shaida wadda ofisoshi suka sani, akwai jarrabawar hukumar NABTEB da aka kafa cikin 1992, akwai kwas ɗin aikin ofis a manyan makarantun kimiyya da fasaha, wanda ya gāji tsohon kwas ɗin sakatare, akwai kuma jarrabawar Microsoft kanta mai matakin ƙwararru.

Wajen sayen kaya, a lura cewa Word ta wayar hannu ba ta yin melmaj, ba ta kuma ta da makuro, saboda haka dole sai da kwamfuta. Wadda ake ɗauka a hannu mai batir ta fi dacewa, domin ko da yake madatsar Kainji ta 1968 da ta Shiroro ta 1990 duk a Jihar Neja suke, mutanen Minna sun san ɗaukewar wuta kamar kowa. Wanda ba shi da kuɗin sayen manhaja, akwai LibreOffice, kyauta ce, tana kuma yin salo da zubi da haɗa wasiƙa. Ta fi manhajar sata wadda kan zo da cuta a cikinta.

Kada kuma a manta da 'ya'ya mata. Wannan aiki ne da mace za ta yi a ɗakinta, a aiko mata da rubutu ta waya, ta tsara ta mayar. Haka ma samarinmu da ke nan Kurmi. Fadar Sarkin Hausawa, da ƙungiyoyin 'yan kara, da na fataken goro da masu kayan gwari, duk suna da rajista da wasiƙu da rasit, kuma sau da yawa sai an fita waje ake biya a buga.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Mai buga takarda yana ganin asirin mutane: takardar gado, da ta bashi, da ta saki, da lambobin wayar jama'a. Yaron da ke barin takardar wani a buɗe kowa ya karanta, ko ya yarda a sa shi ƙera satifiket na jabu ko kan wasiƙar wata hukuma, zai rasa shagon, watakila ya haɗa da gidan yari. A ja masa kunne a kan wannan tun ranar da aka miƙa masa makulli. Allah ya sa albarka cikin abin da ake nema, ya kuma mai da kowa gida lafiya.